Injin niƙa mai aiki da iska: an gyara bango, wa zai gaji mai niƙa?

Yau maganarmu za ta kai mu nesa da gida, zuwa gabashin ƙasar Iran, wadda magabata suke kira ƙasar Farisa. A can, cikin yankin Hurasan, kusa da iyakar Afganistan, akwai wani gari mai suna Nashtifan. Abin da ya sa duniya ta san wannan gari shi ne injinansa na niƙa. Ba su shan gazuwal, ba su bukatar wutar lantarki, ba a ɗaura musu jaki ko raƙumi. Iska kaɗai ke juya su. Da ƙasa da icce da ciyawa da dutse aka yi su, wato kayan da kowane ƙauye namu ya sani.

Injinan nan sun tsufa. Da yawa sun daina aiki, kuma hukumar ƙasar ta tashi gyaransu. Wannan abin yabo ne. Amma ga ra'ayina tun da farko: gyaran irin wannan abu kamar murhu ne, a kan duwatsu uku yake zama. Dutse na farko shi ne ginin. Na biyu shi ne mutumin da ya iya aiki da shi. Na uku shi ne hatsin da jama'a ke kawowa a niƙa. In aka tayar da gini aka manta da sauran biyun, ado aka yi, ba gyara ba. Maganar ta shafi mutanen Nashtifan, ta kuma shafi injin niƙa da famfon da ke tsakiyar garinmu.

Ƙasar iskar kwana 120

Gabashin Iran busasshiyar ƙasa ce, mai ƙarancin ruwan sama, mai tuddai da hamada. Koguna kaɗan ne. Saboda haka ba ko'ina ake samun ruwa mai gudu wanda zai juya dutsen niƙa ba, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Amma Allah ya ba su iska. Kowace shekara, daga wajen ƙarshen watan Mayu zuwa watan Satumba, wata iska mai ƙarfi takan taso daga wajen arewa, ta yi ta hurawa. Mutanen wurin suna kiranta iskar kwana 120. Wani lokaci gudunta yakan wuce kilomita 100 a awa guda. Tana tayar da ƙura, tana tura rairayi cikin gonaki, tana busar da shuka.

Ga wanda bai yi tunani ba, wannan iska masifa ce kawai. Amma kakannin mutanen wurin sun lura da halinta guda biyu. Na ɗaya, ba ta saɓa lokaci. Na biyu, daga gefe guda take zuwa. Abin da ke zuwa kan lokaci, ta hanya guda, ana iya shirya masa. Sai suka yi mata tarko, suka sa ta niƙa musu alkama. A harshensu sunan injin "asbad". "As" dutsen niƙa ne, "bad" kuwa iska.

Fasahar tsohuwa ce ƙwarai. Malaman tarihi da labarin ƙasa na Musulunci, irin su Mas'udi da Istahri, waɗanda suka rayu fiye da shekara 1000 da suka wuce, sun rubuta cewa mutanen Sistan suna sa iska ta juya musu duwatsun niƙa. Sistan kuwa tana kudu da Hurasan, kuma iskarsu guda ce. A ƙasashen Turai ba a fara ambaton injin iska cikin takardu ba sai wajen shekara ta 1180, kuma nasu siffarsa dabam ce. Don haka masana da yawa suke ganin a wannan yanki na Iran da Afganistan aka fara niƙa da iska.

Yadda injin yake aiki

Kowace mace ta san maburgi. Sanda ce a tsaye, mai ƴan fukafukai, ana murza ta tsakanin tafin hannu tana juyawa. To, ku ɗauka an yi maburgi ƙato, wanda ya fi mutum biyu tsayi, iska kuma ita ce hannun da ke murza shi. Wannan shi ne asbad.

Ginin hawa biyu ne. A sama akwai ɗaki marar rufi. A tsakiyarsa an tsayar da wani dogon icce. A jikin iccen an ɗaura fukafukai a tsaye, kewaye da shi. A wasu wurare na katako ne, a wasu kuma na kara ne, kamar asabari. Bangon da ke fuskantar iska ba a toshe shi duka ba. An bar masa doguwar tsaga a gefe guda. Bayan ɗakin kuwa a buɗe yake, don iska ta sami wurin fita.

A wannan tsaga dabarar take. Da iska za ta bugi fukafukan dama da na hagu a lokaci guda, da iccen bai motsa ba. Kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya, kowa yana tura ƙofa daga nasa gefen. Amma bango ya kāre rabi, tsaga ta buɗe rabi. Iska ta matso ta cikin tsagar, ta tura fiffike guda ya wuce, na bayansa ya zo, shi ma ta tura shi. Haka iccen zai yi ta juyawa muddin iska tana hurawa.

Gindin iccen ya ratsa ƙasan ɗakin sama, ya sauka cikin ɗakin ƙasa. A nan duwatsun niƙa suke, guda biyu, masu faɗi, a kewaye kamar faifai, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa ba ya motsi. Na sama an haɗa shi da iccen, yana juyawa tare da shi. Ana zuba alkama cikin mazubi, tana gangarowa kaɗan kaɗan cikin ramin da ke tsakiyar dutsen sama. Gari kuma yana fitowa ta gefe. Babu wani ƙarfe mai haƙora a tsakani, babu igiyar roba. Abin da iska ta ba fiffike, shi dutse yake samu kai tsaye.

Ba guda ɗaya ake ginawa ba. A Nashtifan an jera su kafaɗa da kafaɗa a bisa tudu, a bakin gari, bangon wannan yana riƙe da na wancan. Waɗanda suka rage a tsaye sun fi 20. Jerin nasu ya zama kamar ganuwa, yana rage wa gidajen da ke ƙasa bugun iska. Gini guda, amfani biyu.

Abin da ya raya shi

Mutane sukan ce injinan Nashtifan sun shekara 1000. A nan sai mu yi hattara. Fasahar ce ta kai waɗannan shekaru. Amma mu da muke zaune cikin ɗakunan ƙasa mun san bango ba ya daɗewa in ba a yi masa yaɓe. Icce yana tsagewa, yana ruɓewa. Dutsen niƙa yana sulɓi, sai an koɗa shi kafin ya sāke cin hatsi. Saboda haka abin da ke tsaye a yau, hannuwa da yawa sun taɓa shi. Uba ya yi yaɓe, ɗa ya sāke fiffike, jika ya koɗa dutse. Ba ƙarfin bango ya raya injin ba. Hannun da ke komawa gare shi kowace shekara ne ya raya shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, da ƙasa aka gina ta. An kafa masallacin a shekara ta 1515, aka sāke gina shi a 1844. Itatuwan da suka fito a jikin hasumiyar ba ado ba ne kawai. Matakala ce ta masu yaɓe. Wato tun ranar gini, magini ya yi tanadin ranar gyara. Haka ma masallacin Yama, a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 tare da mutanen garin, har ya sami babbar lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: ka kula da ni, in daɗe maka.

Abu na biyu da ya raya asbad shi ne bukata. Kowane gida yana cin gurasar alkama, kowane gida yana bukatar gari. Mai niƙa yana samun abin da zai ci daga aikinsa. Tun da sana'ar tana ciyar da mai ita, yaro ba ya gudunta. Yana tashi a gindin dutse, yana kallon ubansa, yana koyon sauraren iska. Ba a makaranta aka karanta wannan ilimi ba, ba kuma a littafi aka ajiye shi ba. A cikin kawunan mutane yake.

Abin da ya kwantar da shi, da gyaran da aka yi

A cikin ƙarnin da ya wuce, injinan gazuwal da na lantarki suka shigo. Suna niƙa da sauri, ba su jiran iska, rani da damana duk ɗaya ne gare su. Garin alkama na manyan masana'antu ya cika kasuwa. Jama'a suka rage kai alkamarsu bisa tudu. Da alkama ta daina zuwa, mai niƙa ya rasa abin yi. Da ya rasa abin yi, ɗansa ya biɗi wata sana'a. Da aka rasa mai hawa, yaɓe ya tsaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku lura da yadda abin ya bi: hatsi ne ya fara yankewa, sannan mutum ya tafi, daga ƙarshe bango ya zube.

A shekara ta 2002 Iran ta sa injinan Nashtifan cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Daga nan hukumar da ke kula da kayan tarihi ta shiga aikin gyara. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa ana sāke yaɓe, ana musanya itatuwan da suka lalace. A 2017 ƙasar ta gabatar da injinan iska na yankin cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin gādon duniya. UNESCO ita ce hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu. Baƙi suka riƙa zuwa kallo, ana ɗaukar hoto.

Amma a cikin wannan shekara ta 2017, labarin da ya bazu a duniya game da Nashtifan ya ƙunshi abin damuwa. An nuna wani dattijo wanda ya shafe shekaru yana kula da injinan da suka rage suna juyawa. Shi ke hawa, shi ke dubawa, shi ke gyarawa. A lokacin ba shi da almajirin da ke koyon aikin a hannunsa. A nan matsalar take. Ana iya tayar da bango da kuɗi cikin wata guda. Amma ba a sayen shekarun da mutum ya yi yana sauraren dutse, har ya san da kunnensa in niƙa ta yi daidai ko ba ta yi ba. Bango ya zube daga ƙarshe, amma shi aka fara gyarawa, don shi ido ke gani. Ni a ganina, a duk kuɗin da za a kashe wajen yaɓe, ya kamata a ware rabo don yaron da zai zauna kusa da dattijo, da kuma hanyar da za ta sa alkama ta koma bisa tudu.

Abin da mutanen Holan suka gano

Wata ƙasa ta riga ta bi wannan hanya. Holan, a Turai, ƙasar injinan iska ce. Nasu masu dogayen fukafukai huɗu ne, suna juyawa a gaban gini kamar farfela. Da su suke niƙa hatsi, suna tsaga katako, suna kuma kwashe ruwa daga gonakinsu, don wani sashe na ƙasarsu ya fi teku gangare. Wajen shekara ta 1850 suna da kimanin 9,000. Injinan zamani suka zo, aka rushe mafi yawansu. Waɗanda suka rage sun ɗan haura 1,000.

A 1923 aka kafa ƙungiyar kāre waɗanda suka rage. Aka yi ta gyara. Amma sai aka lura cewa injin da aka gyara aka kulle, ya fi saurin lalacewa bisa wanda ke juyawa. Danshi yana shiga, ƙwari suna cin katako, kuma babu wanda zai ga ƙaramar ɓarna tun tana ƙarama. Tsofaffin masu sana'ar kuma suna ta ƙarewa. Saboda haka a 1972 aka kafa ƙungiyar masu aikin sa kai. Mutum yana da nasa aikin na ofis ko na gona, amma a ranakun hutu yana zuwa ya koyi tuƙa injin iska a hannun wanda ya iya. Yakan koya cikin kowane lokaci na shekara, don kowane lokaci da irin iskarsa, sannan a yi masa jarrabawa. Wasu injinan suna niƙa gari ana sayarwa. Kowace shekara a watan Mayu akwai ranakun da ake buɗe su don jama'a su shiga su gani.

A 2017 UNESCO ta sa sana'ar mai tuƙa injin niƙa na Holan cikin jerin al'adun da duniya ke girmamawa. Ku duba da kyau: sana'ar aka rubuta, wato abin da ke cikin kai da hannun mutum. Holan ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba. Duk da haka kuɗinta bai hana katako ruɓewa ba. Abin da ya hana shi ne mutum mai zuwa ya buɗe ƙofa, ya sa mai, ya saki fukafukai.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce: "Me ya sa za a wahala a kan tsohon abu? Injin zamani ya fi shi sauri." Gaskiya ne. Asbad yana kama ɗan kaɗan ne daga ƙarfin iskar da ke wucewa. Ba ya aiki sai iska ta zo daga gefen da aka gina shi yana fuskanta. In ta kwanta, shi ma ya kwanta. Babu mai hankalin da zai ce a rufe injinan zamani a koma jiran iska. Amma tsohon injin yana da abin da sabon ba shi da shi. Babu wani sashe nasa da ya fi ƙarfin magini da masassaƙi da maƙerin garin. Ranar da gazuwal ya yi tsada ko wuta ta yanke, iska ba ta neman ko dala. Garin da ya riƙe tsohon yana amfani da sabon, yana da hanya biyu. Wanda ya yar da tsohon, hanyarsa guda ce. Ba banza aka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.

Wani kuma zai ce: "Ai baƙi masu zuwa kallo suna kawo kuɗi, ya isa." Kuɗin baƙi alheri ne, amma ba abin dogara ba ne. Bana su zo, baɗi wata fitina ko annoba ta hana su. Kuma baƙo ya fi son ganin abin da ke juyawa bisa kango. Mai gida da ke kawo buhun alkama shi ne abokin tafiya na dindindin.

Na uku zai tambaya: "To, mu ma mu gina irinsa a Maraɗi ko Damagaram?" Amsata ita ce a'a. Iskarmu ba irin tasu ba ce. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damana kuwa daga kudu maso yamma. Wata rana ta yi ƙarfi, wata rana ta yi shiru. Hadarin bazara yakan zo da guguwa ta ɗan lokaci, mai ɗauke jinka. Injin da aka gina yana fuskantar gefe guda, yana jiran iskar wata huɗu ba yankewa, ba zai biya mu ba. Mutanen Nashtifan ba kwaikwayon wani suka yi ba. Ƙasarsu suka duba, suka ga abin da ke cikinta. In za mu kwaikwaye su, wannan hali za mu kwaikwaya, ba ginin ba.

Mu duba gida

A garuruwanmu da yawa akwai ɗakin da aka kulle, cikinsa injin niƙa ya yi tsatsa. Akwai famfon da aka yi bukin buɗewa da kiɗa da jawabi, yau awaki ke kwana a gindinsa. Galibi ba babban abu ne ya kashe su ba. Wani ƙaramin ƙarfe ne ya karye. Babu kuɗi a asusu, babu wanda ya iya kwancewa, babu wanda ya san inda ake sayarwa. Kowa yana jiran waɗanda suka kawo shi su dawo.

Wa ke biyan wannan sakaci? Mata ne. Ranar da inji ya tsaya, turmi da taɓarya suke dawowa. Surfe, wanki, ribɗi, tankaɗe, bayan ɗiban ruwa da biɗar icce. Mai ciki ta yi daka, mai goyo ta yi daka, baya da ƙirji suna ciwo. Kunun yaro ya makara. Yarinya ta fasa zuwa makaranta don ta kama wa uwarta. Saboda haka gyaran inji maganar lafiya ce, ba maganar ƙarfe kaɗai ba.

Ga abin da nake ganin kowane gari mai inji ko famfo zai iya yi, ba tare da jiran kowa ba.

Na ɗaya, a buɗe asusun gyara tun ranar farko. A cikin kuɗin kowace tiya da aka niƙa, a ware wani abu wanda ba za a taɓa ba sai don gyara. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta shi a gaban jama'a kowane wata. Mata su kasance cikin masu riƙon asusun, don su suka fi kowa sanin zafin tsayawar inji.

Na biyu, kada ilimin inji ya zauna a kan mutum guda. Mai tuƙa shi ya ɗauki yara biyu su koya. In makaniki ya zo daga birni, kada a bar shi ya yi aiki shi kaɗai. A tsaya kusa da shi, a tambaya, a rubuta sunan kowane ƙarfe da inda ake samunsa. A sa maƙerin gari cikin maganar.

Na uku, a sa ranar dubawa, kada a jira lalacewa. Kafin damana a yi gayya, a yi wa ɗakin inji yaɓe, a gyara rufi da indararo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sauya man inji kan lokaci, a ɗaure abin da ya kwance.

Na huɗu, a kula da lafiya a cikin ɗakin niƙa. Ƙarafan niƙa suna cinyewa, ƙurarsu tana shiga gari, musamman in an sāke wāsa su. Bayan wāshi, a fara niƙa ɗan abin da za a zubar, kafin a zuba hatsin mutane. A fitar da bututun hayaƙi waje, a bar taga a buɗe. A rufe igiyar da ke juyawa, don kada ta kama zane ko mayafi. Kada a bar ƙananan yara su yi wasa kusa da ita.

Na biyar, duk wanda ya zo mana da sabon abu, ko inji ne, ko famfo mai aiki da hasken rana, mu karɓe shi da godiya, mu kuma yi masa tambaya uku. In ya lalace, wa zai gyara? Ina ake samun kayan gyaransa? Nawa za mu riƙa ajiyewa? Wannan ba rashin kunya ba ne. Mai taimako na gaskiya zai ji daɗin tambayar.

Akwai kuma dattawanmu. A kowane gari akwai mai ginin rumbu wanda ɓera da gara ba su cin nasa. Akwai mai haƙa rijiya wanda ya san ƙasa, akwai masassaƙin turmi, akwai tsohuwar da ta iya ajiye iri har shekara ta kewayo. Su ne irin dattijon Nashtifan a wurinmu. Kowa ya tambayi kansa: wa ke zaune kusa da su yana koyo? In amsar ita ce babu kowa, to, an fara rushewa ke nan, ko da ido bai gani ba tukuna.

Ina fatan mutanen Nashtifan za su haɗa duwatsun murhunsu uku, bango da magaji da alkama, don iskar kwana 120 ta ci gaba da samun aikin yi. Mu kuma, idan aka taru a dandali ko bayan sallar Juma'a, a tayar da maganar injin garinmu: nawa ke cikin asusu, wa ke koyo, yaushe za a yi yaɓe. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Amin.